Littafin aiki: koya wa kwamfutar kemis ɗin Yaya ta kashe kanta idan an ɗauke wuta

Asabar, 8 ga Maris 2025

Jiya bayan an sha ruwa Yaya ya kira ni, ya ce kwamfutar ciki ta ƙi tashi. Na same ta tsaye a baƙin allo, tana neman a duba faifai da hannu kafin ta ci gaba. An ɗauke wuta ne suna masallaci. UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, ta yi ta kuka babu kowa a shago, har batirinta ya ƙare, ta saki kwamfutar kamar an fizge fulogi. Na yi mata fsck, wato umarnin duba faifai da gyara shi, ta tashi. Cinikin ranar bai ɓata ba, alhamdu lillahi, amma wannan ne karo na uku a bana.

Kayan da ke shagon ba su da yawa. Akwai kwamfutar ciki, mai aiki da Debian 12, wani nau'in Linux, wadda ke riƙe da rumbun bayanan magunguna da ciniki da sunayen masu bashi. Akwai ta kanta, wato kwamfutar da ke teburin sayarwa, wadda ɗan Yaya ke buga ciniki a kai. Sai rawta da ƙaramar firintar rasit. UPS ɗin mai 1200VA ce, batir biyu a cikinta.

Yaya ya tambaye ni ko ba na ce masa PostgreSQL, shirin da ke riƙe da rumbun bayanan, ba ya ɓatar da bayani ba. Na ce masa haka ne, yakan rubuta kowane ciniki a kundinsa kafin ya taɓa rumbun, shi ya sa yake farfaɗowa. Amma ya dogara ne da faifan ya faɗi gaskiya idan ya ce ya ajiye abu, kuma akwai faifai masu araha da ke cewa sun ajiye alhali abin yana hanya. Littafin bashin mutane ne a ciki. Ba zan so mu ci gaba da gwada sa'a a kansa ba.

Abin da nake so: idan an ɗauke wuta babu kowa, kwamfutocin su rufe kansu cikin natsuwa, idan an kawo su tashi da kansu.

Lahadi, 9 ga Maris

A bayan UPS ɗin akwai ramin USB da ba a taɓa sa masa waya ba tun da aka saye ta. Irin wayar firinta ce ke shiga. Na haɗa, umarnin lsusb mai jera na'urorin USB ya nuna 0665:5161, lambar da ake yawan gani a ƙananan UPS marasa tsada. Na ɗora NUT, shirin da ke haɗa kwamfuta da UPS, wanda Debian 12 ke zuwa da 2.8.0 ɗinsa.

Hawa uku ne aikin. Direba shi ke magana da UPS. Sai upsd, wanda ke karɓar labari daga direba ya raba wa duk mai tambaya ta ƙofa mai lamba 3493. Sai upsmon, wanda ke sauraro ya yanke hukuncin kashewa. Direban da ya dace da tamu shi ne nutdrv_qx. Da farko ya ce ba shi da izinin taɓa na'urar. Na zare wayar na mayar, dokokin izinin da suka zo da NUT suka kama, ya tashi.

Na buga upsc, umarnin da ke tambayar upsd, sai ga UPS tana ba da bayanin kanta: wutar da ke shigowa bolt 198, nauyin da ke kanta kashi 17 cikin ɗari, halinta OL, wato tana kan wutar gari. Na kashe makunnin soket ɗin bango, cikin 'yan daƙiƙu ya koma OB, tana kan batir. Ban zare fulogi ba, don zare shi yana raba kayan da wayar ƙasa.

Na ji daɗi ƙwarai. Shekara biyu wannan akwatin yana ƙarƙashin tebur, kuka kawai muka san shi da shi.

Laraba, 12 ga Maris

Gwajin batir. Na mayar da kwamfutocin soket ɗin bango, wayar USB kawai na bari a jikin UPS, na jona mata ƙwan fitila mai wat 100 wanda nauyinsa ya yi kusa da na kayanmu. Na kashe mata wuta na duba agogo.

Minti 6 ta yi. Alamar LB, wadda ke nufin batir ya kusa ƙarewa, ta fito ne saura daƙiƙa 20 fitilar ta mutu.

Wannan ya tayar mini da hankali, domin yadda NUT ke zuwa, upsmon ba ya kashe komai sai ya ga OB da LB tare. Kwamfutar ciki kuwa tana bukatar kusan daƙiƙa 40 kafin ta gama rufe rumbu. Da na tsaya a tsarin da ya zo da shi na tafi gida, da mun koma gidan jiya, ni kuma ina ganin na gyara.

Na kwance UPS ɗin. Batiran biyu sun kumbura, ɗaya sai da na sa sukundireba na ɓanɓaro shi daga mazauninsa. Ma'aunin zafin da ke rataye don magunguna ya nuna 38 a ɗakin ciki da azahar. Irin wannan batir na dalma ana ƙiyasta rayuwarsa ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar biyu. Ga shi an matse akwatin tsakanin bango da kwalayen ledojin ƙarin ruwa, ko iska ba ya sha.

Wani abin da na gano yau: wannan UPS ba ta san kashi nawa ya rage a batirinta ba. Yaren da take ji tsoho ne, ana ce masa Megatec. Direba ya aika mata Q1, ita kuma ta amsa da layi ɗaya: bolt na shiga, bolt na fita, nauyi, bugun wuta, bolt ɗin batir, zafi, sai alamomi takwas na e ko a'a. Kason batir da upsc ke nunawa direba ne ke kintatarsa daga bolt. Ba zan gina komai a kan wannan lambar ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na sayo batir biyu, kowanne bolt 12, 7Ah. Na tafi da ƙaramin sikeli a jaka. Na kirki yakan haura kilo 2, domin dalmar da ke ciki ita ce nauyin. A shago na farko abin da aka miƙo mini bai kai ba, na yi godiya na wuce. Na samu a gaba.

Na bar su a caji kwana guda. Mun kuma ɗauke UPS daga ƙasan tebur zuwa kan kanta kusa da taga.

Talata, 18 ga Maris

Sabbin batira sun riƙe fitilar minti 39. Yaya ya ce to ai shi ke nan, a bar kwamfuta ta yi ta aiki har minti 35 sannan ta kashe kanta. Mun daɗe a kan wannan magana, ni da shi, bayan tarawihi.

Na fara da lissafi. A takarda batir biyu masu bolt 12 da 7Ah sun ba da wat-awa 168, wanda a nauyin fitilar wat 100 ya kamata ya haura awa ɗaya da rabi. Amma 7Ah ɗin ana auna shi ne idan an zuƙe batir a hankali cikin awa 20. Idan aka zuƙe shi da ƙarfi kamar yadda UPS ke yi, abin da yake bayarwa raguwa yake, ga kuma asarar juya wutar batir zuwa ta gida. Shi ya sa muka ga 39.

Sai babbar maganar. Tsarin jiran LB an yi shi ne da tunanin wurin da ɗauke wuta baƙon abu ne, inda batir zai yi wata da watanni bai yi aiki ba. A can, a zuƙe shi tas sau ɗaya ba wani abu ba ne. Mu kuwa a rana ana iya ɗaukewa sau biyu, sau uku. Takardun masu ƙera irin wannan batir suna nuna cewa idan ana ƙarar da shi gaba ɗaya, wajen sau 200 zai jure, idan kuma kashi 30 kawai ake ci, yana haura sau 1000. Sau 200 a wurinmu bai kai wata huɗu ba.

Sannan cajin UPS ɗin a hankali yake, yana cin wajen awa 8 kafin batir ya cika. A ce an ɗauke wuta da safe mun cinye minti 35. An kawo da azahar, kwamfuta ta tashi, bayan rabin awa an sake ɗaukewa. Da me za ta rufe kanta?

Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato kamar jarin shago. Ba a cinye shi don an ga yana nan."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Muka tsaya a kan minti 5. Tada janareta da juya cenjoba ba ya wuce minti 2 idan da mutum a shago. Idan minti 5 ta wuce ba a tada ba, to babu kowa ke nan, ko babu mai, kuma babu dalilin ƙona batir.

Asabar, 22 ga Maris

Mai ƙidayar lokaci a NUT shi ne upssched. Layi biyu ne zuciyar abin: idan ONBATT ya faru, wato an koma batir, a fara ƙidayar daƙiƙa 300, idan ONLINE ya faru, wato wuta ta dawo, a soke ta. Idan ƙidaya ta cika, sai ya kira ɗan rubutun da na yi, shi kuma ya ba upsmon umarnin fsd, wato kashewar dole.

Gwajin farko minti 5 ta wuce babu abin da ya motsa. Na manta ban sa kalmar EXEC a layukan NOTIFYFLAG ba, waɗanda ke faɗa wa upsmon abin da zai yi da kowane labari, don haka upsmon yana rubuta labarin a kundi amma ba ya kiran upssched. Na gyara.

Gwaji na biyu kwamfutar ciki ta rufe kanta tsaf. Ta kanta ce ta tsaya a kunne har UPS ta yanke mata wuta. Na ɗauki lokaci kafin na gane: rawta a soket ɗin bango take. Da wuta ta ɗauke, ita ma ta mutu nan take, ta kanta ta daina jin ta ciki. Labarin ƙarshe da ta samu shi ne OL, komai lafiya, don haka ba ta ga dalilin kashe kanta ba. Na mayar da rawta kan UPS. Wat 8 take ci.

Ga yadda jerin yake tafiya yanzu. Ta ciki ita ce babba, tunda ita ke riƙe da wayar USB. Tana ɗaga alamar FSD, ta kanta ta gani ta fara rufewa. Babbar tana jiranta har daƙiƙa 15, ta ƙara 5, ta ajiye wani ɗan fayil mai suna killpower, sannan ta fara rufe kanta. A ƙarshen ƙarshe, bayan an sauke faifai, ana duba ko fayil ɗin yana nan. Idan yana nan, sai a ce wa UPS ta kashe kanta ita ma, ta kunna idan wuta ta dawo.

Jiran daƙiƙa 15 ɗin nan na ganin ta kanta ta yi sallama ne kawai, ba ya tabbatar da ta gama rufewa. Direba kuma yana ba UPS daƙiƙa 30 ne kafin ta yanke. Ta kanta tsohuwa ce, tana da nawa, don haka na ƙara wannan jinkirin, offdelay, zuwa 120.

Na kuma sa saƙo ya fito a allon kanta da Hausa: "An ɗauke wuta. Saura minti 5. A kammala cinikin da ke hannu ko a tada inji."

Alhamis, 27 ga Maris

Kashewa ta zauna. Tashi ne ya ci mini kwana biyar.

A BIOS, saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi, akwai zaɓi uku na abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo mata: ta zauna a kashe, ta koma halin da take ciki kafin yankewa, ko ta tashi. Na tsakiyar yana da jan hankali, amma ba zai yi mana ba, domin ita ta kashe kanta kafin a yanke, halinta na ƙarshe a kashe ne. Na zaɓi na uku. Washegari ba ta tashi ba. Na shiga BIOS na tarar zaɓin ya koma yadda yake, agogo ma ya ɓace. Ƙaramin batirin da ke kan allon uwa, CR2032, ya mutu. Da can ba a lura ba saboda Debian tana gyara agogo daga intanet da zarar ta tashi. Na canza shi.

Sai abin da ya fi damuna. A ce kwamfuta ta fara rufewa, sai aka kawo wuta a tsakiya. Rufewa ba ta komawa baya. Idan UPS ta ga wuta ta dawo ta ƙi yankewa, kwamfutar ba za ta taɓa ganin an ɗauke an kawo ba, za ta zauna a kashe har wani ya zo ya danna. A wurin da wuta ke yin wasa, tafi-dawo cikin minti kaɗan, wannan zai riƙa faruwa.

Gwajinsa mai sauƙi ne: na ba da umarnin fsd alhali akwai wutar gari. Kwamfutocin suka rufe. Na zauna ina kallon fitilar gaban UPS. Bayan minti 2 ta yi ƙas, ta mutu. Ɗan Yaya ya ce, "Baffa, ai ta lalace." Na ce ya dakata. Can ta sake yin ƙas, fankar kwamfutar ciki ta fara juyawa, ta kanta ta biyo baya. Ba kowace ƙaramar UPS ke bin wannan umarni idan tana kan wutar gari ba, tamu ta bi.

Jinkirin kunnawa na bar shi a daƙiƙa 180 yadda ya zo. Bayanin direban ya yi gargaɗi cewa wasu tsofaffin UPS ba sa kunnuwa da kansu idan aka sa ƙasa da minti 3.

Zan dakata sai bayan Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ranar Alhamis kwamfutar ciki ta mutu babu rufewa, kuma janareta yana aiki a lokacin. Na buɗe kundin kwamfutar da umarnin journalctl. Tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4 na rana, ONBATT da ONLINE suna ta musayar wuri, fiye da sau ɗari. Daƙiƙa 40 a batir, daƙiƙa 30 a kan inji, a sake komawa.

Dalilin yana cikin bugun wuta. Wutar gari 50Hz ce, kuma ƙaramin janareta sai ya riƙe juyi 3000 a minti kafin ya ba da haka. Namu idan firjin allurai ya tashi sai ya nutse, upsc ya nuna 46, idan firjin ya tsaya ya haura 54. UPS ta ga wutar ba ta yi mata ba, ta koma batir, inji ya daidaita, ta dawo. Kowace dawowa tana soke ƙidayata ta minti 5, kowace tafiya tana farawa daga sifili. Batir yana ta zuba kaɗan-kaɗan, ƙidaya ba ta taɓa cika ba. Da ya ƙare, firjin ya sake tashi, LB ta fito a makare.

Tsarina ne ke da giɓi. Na ɗauka ɗaukewar wuta abu ne mai farko da ƙarshe, a kashe ko a kunne.

Na kuma tarar an jona fankar tsaye a bayan UPS. Zafin Afrilu ne, ban ga laifin yaron ba. Na yi masa bayani cewa duk abin da aka ƙara yana rage mintocin, na liƙe sauran ramukan da salatif, muka jawo wa fankar waya daga bango.

Talata, 8 ga Afrilu

Makaniki ya zo ya wanke kafireto ya daidaita gudun injin. Na tsaya kusa da shi da waya a hannu ina karanto masa bugun wuta daga upsc yana juya sukuru. Yanzu yana yawo tsakanin 49 da 52 ko firji ya tashi.

Duk da haka ban yarda in dogara da lafiyar inji ba, don zai sake sakewa. Na rubuta wani ɗan shiri da na sa wa suna littafin bashi. Duk daƙiƙa 10 yana tambayar upsc halin da ake ciki. Idan OB ne, ya rubuta wa batir bashin 10. Idan OL ne, ya rage 1. Na ɗauko wannan rabo daga abin da na auna: minti 39 na zuƙa, wajen awa 8 na caji, kusan ɗaya bisa goma sha biyu, na mayar da shi goma. Idan bashi ya kai 900, kwatankwacin minti 15 a kan batir, sai ya kira fsd ko da a wannan lokacin ana kan wuta. Yana ajiye lambar a fayil, don kada tashin kwamfuta ya shafe bashin.

Ƙidayar minti 5 tana nan a wurinta, LB ma tana nan a matsayin ta ƙarshe.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kwana goma sha ɗaya babu mutuwar ba-zata. Kundin daren Laraba ya nuna ONBATT ƙarfe 11:42, fsd 11:47, tashi 4:16 na asuba. Yaya ya buɗe shago ya tarar da allon ciniki a buɗe yana jira. Bai ma san an ɗauke ba sai da na nuna masa.

Sau biyu na ga COMMBAD sannan COMMOK a daidai lokacin juya cenjoba, wato wayar USB ta yanke magana na 'yan daƙiƙu. Wannan yana da muhimmanci, domin idan magana ta yanke ana kan batir har daƙiƙa 15, upsmon yana ɗauka batir ya ƙare ya kashe komai. Na sauya wayar da gajeriya mai kauri, na raba ta da wayoyin wuta. Ban sake gani ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na maimaita gwajin fitila: minti 37. Zan riƙa yinsa duk wata uku, ba kowane wata ba, tunda shi ma gwajin yana cin batir. Na rubuta ranar da aka sa batiran a jikin UPS da maka.

Littafin bashi ya yi aikinsa sau ɗaya, ranar Talata da wutar gari ta zo da rauni, bolt yana sauka ƙasa da abin da UPS za ta iya ɗagawa. Ya rufe kwamfutocin da kyau. Amma ya nuna mini wata matsala. Bayan minti 3 UPS ta kunna, kwamfuta ta tashi da bashin 900 a kanta, wuta ta sake nutsewa, ta sake rufewa. Sau uku aka yi haka kafin ɗan Yaya ya juya zuwa inji. Babu abin da ya lalace, amma ciniki ya tsaya, mutane na tsaye da takardun asibiti a hannu.

Hanya biyu nake dubawa. Ko in ƙara jinkirin kunnawa zuwa minti 15 idan littafin bashi ne ya jawo kashewar, ko in sa saƙo ya fito a allon kanta tun bashi yana 600, a ce wutar gari ba ta da kyau, a koma inji. Na fi karkata ga ta biyu, domin da rana akwai mutum a shago, kuma shi ya fi kowane shiri saurin juya cenjoba. Yaya ya ce a haɗa da sitabilaiza a gaban UPS. Ranar Litinin zan ari ta gidansa in auna ko tana rage yawan komawa batir kafin mu sayi wata.